Wanda Ya Gaida Suri

An daɗe ana zawarcin makullin motata a gidan nan, sai dai ba wanda ya iya buɗe baki ya ce in bayar. Manyan 'ya'yana da ke nesa sukan bugo waya su yi ta kewaye-kewaye, wai mai ya yi tsada, wai titunan Gombe sun cika da yaran da ba su san darajar rai ba, wai me zai hana in riƙa hutawa. Mai ɗakina kuwa ba ta cewa komai, sai dai in ta ji ƙarar makullin a hannuna ta ɗauki mayafi ta ce ita ma dama tana da wurin zuwa. Ni kuma ina jin su duka, ina yi kamar ban gane ba. Mutumin da ya ci tuwo da sitiyari tun gemunsa bai fito ba, ya yi aure da shi, ya gina gida a Barunde da shi tun unguwar tana gonaki, ba a raba shi da makulli da zancen tsadar mai. Abin da ke damunsu na san shi, idona ne. Likita ya riga ya gaya mini cewa ban da yanar da aka cire, akwai wani ciwo da ke cin gani daga gefe-gefe, kamar yadda gara ke cin tabarma, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na ce masa ni gabana nake kallo in ina tuƙi, ba gefe ba. Ya yi murmushi ya ba ni maganin ɗigawa.

A zamanin da na tashi, motocin garin nan ba su wuce a san su da murya ba. Kowace babbar mota da irin kukanta, kowane direba da irin yadda yake danna oda. Mata suna cikin gida suna tankaɗe za su ji gurnani daga nesa, wata ta ce wa wata, "Ɗora ruwan zafi, ga Bappa can ya hawo tudu." Kuma shi ɗin ne. Bappa ƙanin mahaifina ne, kowa a gidan haka yake kiransa har 'ya'yan cikinsa, a hannunsa na girma, shi ya koya mini mota. Tasa mai bodin katako ce, koriya, a goshinta an rubuta wata addu'a da ruwan sama ya cinye rabinta. Da kaka auduga muke kwasowa daga kasuwannin ƙauye mu kawo gari, a ɗaure ta ta yi tsiri har mota ta riƙa rangaji. Sauran watanni kuwa duk abin da Allah ya kawo, dawa, albasa, awaki, da mutane a saman kaya. Aikina shi ne in tashi da assalatu in cika lagireto da ruwa, in bi tayoyi ina ƙwanƙwasa su da ƙarfe ina sauraro, domin tayar da iska ta ragu a cikinta muryarta daban ce. Sannan in kama hannun tayarwa, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaban inji a juya, wanda in ya yi gardama ya dawo baya sai ya karya wa mutum hannu. A kan tudu kuwa in diro da weji, guntun katakon da ake tokare taya da shi, in ruga in cusa kafin mota ta fara tuna baya. Yaran yanzu maɓalli suke dannawa mota ta tashi, ba su san warin inji mai zafi da ya sha ruwan rijiya ba.

Bappa ba mai yawan magana ba ne, amma 'yan kalmominsa sun zauna mini. Yakan ce ƙarfe bai san ubangidansa ba. Yakan ce direba da ido yake cin abinci, hannu da ƙafa 'yan aike ne. In na matsa masa mu yi sauri kada kasuwa ta watse, sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa gaisuwa ce. A wancan lokacin direba ba ya wuce mutum a hanya bai ɗaga masa hannu ba, in kuma wanda ya sani ne, ko dattijo, ko mace da kaya a ka, sai ya taka birki a gaisa a tambayi inda za a. Wanda ya wuce ɗan'uwansa a tsaye a rana, labarin zai riga shi isa gida, kuma da wuya ya wanke kansa. Bappa ya ɗauki wannan al'ada ya kai ta inda ba wanda ya kai ta. Hannunsa kullum yana waje ta taga, manomi a gona, Bafulatana da ƙwaryar nono, mai keke, kowa sai ya samu rabonsa, har 'yan tasha suka sa masa suna Mai-gaisuwa. Yau kuwa mutum zai ɗaga baƙin gilashi ya kunna sanyi, waya a kunne, ya wuce ta gaban surukinsa, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi.

Ban san lokacin da idonsa ya fara ja da baya ba, domin irin wannan baƙo ba ya sallama. Na dai lura ya yawaita sa kwalli, kuma duk inda muka tsaya sai ya wanke fuska, ya sa ni in sake goge gilashin da na goge yanzu-yanzu. Sai kuma ya ɓullo da wata sabuwar koyarwa. Muna tafe zai ce, "Kai, me ke gaba can?" In ce, "Jaki ne da kaya, Bappa." Ya ce, "Madalla, ashe kana kallo." Can kuma ya sake tambaya, in ce mai keke ne, ko rami, ko shanu za su tsallaka. Ni a zatona jarrabawa yake yi mini, har ina jin daɗi ina cinye ta. Hanyoyin kuwa ya haddace su kamar Fatiha, ya san kowace kwana da kowace gada, ya san inda yashi yake kama taya, shi ya sa ba wanda ya ga canji a tuƙinsa. Gaisuwar ce kawai ta ƙaru.

Wata rana da damina muka taso daga wani ƙauye gabas da Kwadon da lodin hatsi. An yi ruwa da safe, gari ya washe, rana ta karkata tana dukanmu a fuska tunda yamma muka nufa. Gab da shiga Kwadon akwai wani dogon suri na jar ƙasa a bakin hanya, tsayinsa ya kai na mutum, wani makiyayi ko manomi ya kifa masa tsohuwar malafa a ka. Bappa ya rage gudu, ya fitar da hannu, ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da aiki, malam. Gari za a?" Dariya ta ƙwace mini, na ce, "Bappa, ai suri ne." Ya tsayar da motar cak, ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallon abin, sannan ya sa giya muka wuce. Da muka iso Kwadon ya tsaya a gindin tsamiyar da muka saba tsayawa, muka yi alwala muka yi la'asar, ya daɗe a zaune bayan sallama fiye da yadda ya saba. Da ya tashi, maimakon ya nufi ƙofar direba, sai ya zagaya ya buɗe tawa ya hau ya zauna. Na tsaya a ƙasa riƙe da buta. Ya miƙo mini makulli ta taga.

Na ce, "Bappa, ba ka da lafiya ne?"

Ya ce, "Lafiyata ƙalau. Wanda ya ga suri yau ya ce mutum ne, gobe zai ga mutum ya ce suri ne. Ni kuwa ba zan jira goben ba. Hau ka kai mu gida."

A duk ƙuruciyata babu ranar da ta kai wannan daɗi. Kafin nan a fili kawai yake ba ni sitiyari, ko a hanyar daji inda ba kowa. Ga ni yau da lodi, zan shiga gari da rana kowa yana gani. Na danna oda a inda ya kamata da inda bai kamata ba. Da muka shigo unguwa yara suka bi mu da gudu, mata suka leƙo ta kan danga, ni kuma ina zaune kamar ango. Daga gefen Bappa abu ɗaya ne ya rage mini a ƙwaƙwalwa, duk sanda muka tunkari kwana sai in ji ƙafarsa tana danna ƙasan mota inda babu birki. Abin da ranar take nufi a wurinsa ban tsaya na auna shi ba, yaro ne ni, kuma an ba ni mota. Bai sake riƙe sitiyari ba. Abokansa a tasha sun yi ta ba shi baki, wai ai hanya a kansa take, wai ga ɗansa yana duba masa, ya ce mota ba a tuƙa ta da idon aro. Ya koma zaman ƙofar gida. Babbar 'yarsa, wadda muke kira Adda, ita ke shimfiɗa masa buzu ta kawo masa fura, yana zaune yana faɗin sunan kowane direba tun motarsa ba ta ɓullo ba.

Daga nan na yi ta tuƙi. Na bar babbar mota na shiga aikin gwamnati, na ɗauki manya na sauke manya, garin ya zama babban birnin jiha a gaban idona. Aka shimfiɗa kwalta inda muke kafewa a yashi, aka kafa fitilun ba da hannu inda a da jaki kaɗai ake ba wa hanya. Na yi ritaya ban taɓa buge abin da ya fi kaza ba, na sayi 'yar motata ta hawa. Labarin suri kuwa na ba da shi ya fi a ƙirga, a tasha, a wurin suna, ga yaran da na koya wa mota, kullum ina ƙarewa da cewa haka namiji yake yi. Ashe wanzami ba ya son jarfa. Da nawa ya zo, sai na fara da zargin gilashi. Na wanke shi da sabulu, na goge da jarida, amma rana in ta karkata sai gabana ya yi fari fat, fitilun motocin yanzu masu farin hasken nan kuma in magariba ta yi sai su watse mini a ido. Na je wurin wani ɗan Ibo mai sayar da kayan mota, haifaffen garin nan, wanda mahaifinsa ke sayar wa Bappa kaya, na ce ya nemo mini sabon gilashi da manyan madubai. Ya fito ya shafa gilashin, ya leƙa ta ciki, ya leƙa ta waje, ya ce, "Baba, in ka ce in sayar maka zan sayar, amma wannan ya fi na shagona kyau. Ka je a duba na fuskarka." Na ce masa ubansa bai yi rashin kunya haka ba. Ta haka dai na isa wurin likita, aka cire yana, gabana ya washe, na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan haka ne mai ɗakina ta zama mai surutu a mota. Mace ce da za mu je Kwadon mu dawo ba ta ce uffan ba, sai ga shi yanzu ba abin da zai gifta ba ta tofa a kansa ba. "Dubi wannan mai keken ta hagunka, Malam, kamar titin na gidansu ne." Ko kuma, "Ga yaran makaranta can za su tsallako, iyayen yanzu ba sa jan kunne." Nakan ce mata tsufa ya buɗe mata baki. Ni da na yi ta amsa "me ke gaba can" a gefen Bappa, ban gane cewa yanzu ni ake duba wa hanya ba. Ko kuwa na gane, na ga ya fi mini sauƙi in bar shi a surutu.

Adda tana nan da rai a unguwar Nasarawo, ta tsufa ƙwarai amma ƙafarta da bakinta ba su gaji ba. Kowace Juma'a takan aiko mana da dambun zogale. Sai aka wayi gari dambu ya daina zuwa, na buga waya ba ta ɗauka ba. Na shirya na tafi, mai ɗakina ta ɗauki mayafi ta bi ni. Muka same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Tun da nake ba ta taɓa ce mini Alhaji ba, da sunan da ta sa mini tun ina rarrafe take kirana, don haka na san akwai magana. Na zauna na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, idonta a kan shinkafa.

Na ce, "Adda, in laifi na yi, a gaya mini."

Ta ce, "Wane laifi? Mai mota ai ba ya laifi. Mu masu tafiya a ƙasa mu ne da laifin tsayawa a hanyarku."

Sai da na yi ta lallashi sannan ta ba da labari. Ta fito daga dubiyar wata maƙwabciyarta ta dā, ta tsaya a bakin titi kusa da kasuwa tana jiran keke-napep, rana tsaka, duk wanda ya zo a cike. Can ta hango motata ina tafe a hankali, ni kaɗai. Ta ce a ranta Allah ya kawo sauƙi. Ta sauko gefen kwalta, ta ɗaga hannu, ta kaɗa mayafi, ta kira sunana. Na wuce.

Ta ce, "Madubinka sai da ya fizgi mayafina, ba don mai lemo ya tare ni ba da na kai ƙasa. Mutane suka taru suna cewa Hajiya ba ki ji ciwo ba, wani ɗan acaɓa ya ce bari ya bi ka ya tare. Na ce ku bar shi, ban san shi ba. Yaron da na goya a bayana, yau ni ce nake ce wa mutane ban san shi ba."

Na tuna ranar. Mai ɗakina ta tafi barka, na fita ni kaɗai. Na tuna kasuwar, na tuna wata motar yashi da ke gabana, na kuma tuna wani ɗan ƙas da na ji ta gefen dama, na ɗauka leda ce iska ta kwaso.

Na ce, "Adda, wallahi ban gan ki ba."

Ta ce, "To me ka ɗauke ni da ka ga abu a tsaye yana ɗaga hannu?"

Na ce, "Ban ɗauke ki komai ba. Ban ga kowa a wurin ba."

Ta ajiye faifan. Ta daɗe tana kallona, na ga fushin yana barin fuskarta tausayi yana maye gurbinsa, kuma na fi son fushin. Ta juya wurin mai ɗakina, ita kuma ta sunkuyar da kai. Sannan ta kira ni da sunan nan na yarinta, ta ce, "Da girman kai ne da ya fi mini sauƙi, sai in yi fushina in huce. Bappa dai ko suri ya gani."

Na ji kunya, na kuma ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a kan hanya ba. Adda doguwar mace ce, ga farin mayafi, ga ɗaga hannu, ga kiran suna, da rana tsaka. Yaron da zai biyo ƙwallo daga lungu ba shi da ko ɗaya a cikin waɗannan. Goben da Bappa ya ƙi jira, ni na jira ta, ta zo ta wuce ta gefen damana ban ma sani ba.

Ban tuƙa motar zuwa gida ba. Autarmu tana koyarwa a wata makaranta nan kusa da gidan Adda, ni na koya mata mota da kaina, tana da lasin, kuma ta daɗe tana roƙon in ba ta aro ina cewa sai hannunta ya ƙara nuna. Na kira ta, ta zo a keke da jakarta a kafaɗa. A ƙofar gidan Adda na miƙa mata makulli. Ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce, "Lafiya ƙalau. Hau ki kai mu gida." Na zagaya na buɗe ɗaya ƙofar, wadda ban taɓa shiga ta cikinta ba tun da na sayi motar. Ta ce in sa bel, na sa. Ta yi iya ƙoƙarinta ta ɓoye murna, amma na ji ta danna oda a inda ba kowa, ban kuma ga laifinta ba. Uwarta tana zaune a baya, har muka iso Barunde ba ta ce uffan ba, surutun nan ya ƙare daga ranar. Ni kuwa duk kwanar da muka tunkara sai in ji ƙafata tana neman birki a inda babu shi.

Yanzu Auta ce ke kai ni asibiti karɓar maganin ɗigawa, ita ke kai mu Kwadon sayen albasa in an yi hutu. Dambun Adda ya dawo. Surin nan babu shi, gine-gine sun cinye wurin, tsamiyar ma ban iya cewa ga inda take ba. Tun da hannuna ya samu hutu sai na sauke gilashi na koma al'adar Bappa, duk abin da ya tsaya a bakin hanya ina ɗaga masa hannu. Wasu su amsa, wasu su bi mu da kallo suna tunanin ko ina suka san tsohon nan. Rannan muna dawowa rana ta karkata, na ɗaga hannu kamar kullum, sai Auta ta ce, "Baba, wannan fa falwayar lantarki ce ka gaisar."

Na ce, "Bar ni da ita. Daga wannan kujerar ko suri na gaisar ba wanda zai kwana a asibiti. Ke dai ki duba gefenki."